Kashi nawa na gubar da ruwan sama ya sauko da ita ke tsayawa a jikin ganye?

Ɗan Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai da yayyena na wannan zaure, na kawo kukana.

Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar muhalli, kuma binciken da na ɗauka a kan lambunan bayan unguwarmu ne, inda mahaifina ya shekara talatin yana noman alayyahu da latas da kabeji. Gabas da lambun akwai juji wanda ba ya rabuwa da hayaƙi, a gefensa kuma masu fasa tsofaffin batiran mota suna narka dalma a fili. Kun san hadarinmu daga gabas yake tasowa, to ta kansu iskar take bi kafin ta iso mana. Tun ina ƙaramar sakandare, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, abin yake cina a rai. Na san nasu ƙurar dutsen zinariya ce da ake niƙawa cikin gidaje, amma tun daga lokacin idan na ga hayaƙin nan ya kwanto kan kwamin alayyahu sai gabana ya faɗi.

Abin da nake son ginawa samfurin lissafi ne a kwamfuta. In ba shi yawan ruwan da aka yi da yawan dalmar da ke cikin kowace lita, shi kuma ya faɗa mini nawa zai rage a jikin ganye ranar da za a yanka a kai kasuwa. A matakin farko na maƙale. Na sa cewa ganye yana riƙe kashi 25 cikin 100 na duk abin da ruwa ya sauko da shi, sauran ya zube ƙasa. A wani tsohon rahoto na ga adadin, na ɗauka haka abin yake ko'ina. Malamin da ke duba aikina ya zagaye shi da jan biro, ya rubuta a gefe: “A wane ruwa? A kan wane ganye?” Gaskiyarsa ce, kuma ba ni da amsa.

Tambayata biyu ce. Ta farko, yaya ake lissafa wannan kason idan yana canzawa daga ruwa zuwa ruwa? Ta biyu, duk takardar da na buɗe sai in tarar da Carnobil, tashar nukiliyar nan ta Yukiren da ta fashe, da siziyom, sinadarin nukiliya da ta watsa, da ciyawar shanun Turai. Mene ne haɗin wannan da dalma a kan alayyahun babana? Ko dai wata hanya daban na kama?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminka ya yi maka gata, ka riƙe shi da kyau.

Bari in fara da ta biyun. Hanyar da ka kama ita ce. Ɓurɓushin nukiliya ana iya auna shi ko da ɗan mitsitsi ne, kuma an san ranar da ya sauka. Idan ka sami dalma a ganye, ba ka san ko ta jiya ce ko ta bara ba, ko ta sama ta zo ko ta saiwa. Amma tukunyar Carnobil ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, ranar 30 ga wata aka yi ruwa da tsawa a birnin Munik na Jamus, sai ga aidin-131, wato aidin mai tururin nukiliya, a ciyawar da ba ta da shi a makon da ya wuce, cikin ’yan kwanaki kuma ya bayyana a madarar shanu. Masana sun sami damar auna abin da ya sauko, da wanda ciyawa ta riƙe, da yadda yake raguwa kullum. Kuma ran mutane ne a ciki: a Belarus da Yukiren da yammacin Rasha, cikin waɗanda suke yara a lokacin, an sami fiye da 6,000 da suka kamu da sankarar tayirod, wato ƙullin da ke gaban maƙoshi, zuwa 2005, akasari ta hanyar madarar shanun da suka ci ciyawar. Shi ya sa ilimin ya taru a can.

Tun 1970 wani masani a Harwell ta Ingila, Chamberlain, ya nuna cewa kason yana ƙaruwa da yawan ciyawar da ke tsaye, amma lissafinsa bai kula da yawan ruwa ba. Wanda zai yi maka aiki shi ne na Müller da Pröhl, waɗanda suke wata cibiyar bincike a Neuherberg kusa da Munik. Sun gina samfurinsu mai suna ECOSYS-87 da awon da suka yi bayan Carnobil, aka buga shi a 1993.

Ka ɗauki ganye kamar ɗan ƙoƙo. Idan ana yayyafi, kusan duk ɗigon da ya faɗa masa yana zama. Da ya cika, duk abin da aka ƙara zubewa yake. Lissafin ke nan:

f = (L × S ÷ R) × (1 − e^(−0.693 × R ÷ 3S))

f shi ne kason da ganye ya riƙe, e kuma sanannen adadin lissafi ne, kusan 2.718. R shi ne yawan ruwan da aka yi, a milimita. L shi ne faɗin ganye: idan ka tsinke duk ganyen da ke saman murabba'in mita ɗaya na ƙasa, ka shimfiɗa su suka rufe murabba'in mita uku, to L ɗinka 3 ne. S kuma girman ƙoƙon ne, wato kaurin ruwan da ganye zai iya riƙewa. Ga ciyawa da hatsi sun sa milimita 0.2.

Ɗauki biro mu gwada da L = 3, S = 0.2. A yayyafin milimita 1, ganye ya riƙe kusan kashi 41 cikin 100. A ruwan milimita 5, kashi 12. A ruwan milimita 30, irin namu na Agusta da ke sauka kamar da bakin ƙwarya, kashi 2 kacal. Ka ga inda 25 ɗinka ta tsaya: a ruwan kusan milimita 2 kaɗai take daidai.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi shafarka. Fatar ganye tana ɗauke da caji mai alamar ɗebewa. Aidin da ya narke a ruwa shi ma irin cajin gare shi, don haka ba sa jituwa, ruwa yana tafiya da shi. Siziyom da sitirontiyom masu alamar tarawa ne, suna mannewa. Hoffman da abokan aikinsa a Oak Ridge ta Amurka sun gwada haka da ruwan sama na ƙirƙira a farkon shekarun 1990, suka ga masu alamar tarawa da ƙananan ƙwayoyin ƙura suna zama a ganye fiye da aidin nesa ba kusa ba. Shi ya sa a samfurin Jamusawan ake raba S gida biyu idan aidin ne, a ninka shi idan sitirontiyom ne. Dalma tana da alamar tarawa biyu kamar sitirontiyom, sannan yawancinta a jikin ƙwayoyin hayaƙi take zuwa. Da ni ne, zan gudanar da lissafin sau biyu, da 0.2 da kuma 0.4, in nuna wa malamin duka biyun.

Daga nan sai raguwa. Iska da ruwan da ke biyo baya suna rage abin da ke kan ganye da kusan rabi duk kwana 14, haka aka saba sawa. Ka ƙara da girman shukar, don alayyahun da ya ninka nauyinsa ya raba gubar kowane kilo gida biyu ko da ba abin da ya fita.

Maman Sadik ta amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara sani, na ƙaru. Amma ƙanena, ni malamar gona ce, shekarata goma sha biyu ina yawo cikin kwami, kuma akwai abin da ban gani ba a lissafin nan.

Ka je lambun babanka da sassafe bayan an kwana ana ruwa mai ƙarfi. Ka tsuguna ka ɗaga ganyen latas na ƙasa, ka shafa bayansa da yatsa. Yashi za ka ji, ƙaras-ƙaras. Ɗigon ruwa ne ya daki ƙasa ta fantsamo, wani lokaci har tsawon taƙi biyu. Idan shekara da shekaru hayaƙin masu batir yana sauka a wurin, to ƙasar da kanta ta ƙoshi da dalma, kuma ruwan milimita 30 ɗin da lissafi ya ce kashi 2 kawai ya bari shi ne ya fi kowane yaɓa wa ganye ƙasa. Ina tsoron ka auna dalma a ganye ka ce daga sama ta zo alhali daga ƙasa ta taso.

Sannan ganye ba ɗaya ba ne. Zuba ruwa a kabeji ka gani, dunƙulewa yake kamar ƙwallo ya gangara, saboda kakin da ke jikinsa, ganyen ko jiƙewa ba ya yi. Amma ina ruwan ya gangara? Can cikin gindin ganyen, inda ya haɗu da kara, ya kwanta har rana ta busar da shi, abin da ke ciki ya zauna. Ganyen kuɓewa da na kabewa masu ƙaiƙayi ne, suna kama ruwa da ƙura kamar soso. Alayyahu yana tsakani. Ta yaya duk waɗannan za su zama 0.2 ɗaya da aka auna a ciyawar Jamus?

Kada kuma ka manta da rani. Wata bakwai ba ɗigo, hunturu yana zuba ƙura, juji yana hayaƙi, kuma a lokacin ne lambu ya fi cika. Wannan ba ruwan samfurinka da shi ke nan?

Ɗan Fadama ya amsa:

Na gode Baba, na gode Yaya. Daren jiya na saka lissafin, adadin ya fito yadda Baba ya faɗa. Na dai ci karo da wani abu: da na sa L = 5, irin kwamin da ya rufe ruf, na kuma sa ruwa kaɗan ƙwarai, sai f ya haura 1, wato ganye ya riƙe fiye da abin da ya sauko. Na duba na ga lissafin ne da kansa yake haka idan R ya matso sifili, don haka na sa masa iyaka a 1.

Yaya, maganar yashin nan ta hana ni barci. Ni nake wanke latas ɗin nan tun ina yaro, na san laka tana kwanciya a gindin baho, amma ban taɓa haɗa ta da aikina ba. Game da rani, na ware shi da gangan don aikin kada ya fi ƙarfina, amma zan rubuta ƙarara cewa na ware shi, kuma mai yiwuwa shi ne kaso mafi girma a shekara.

Baƙon Wales ya amsa:

Ɗan'uwa, ni ba fannina ba ne, aikin asibiti ya kawo ni arewacin Wales, amma maganar Maman Sadik ta tuna mini da abin da ya faru a tsaunukan da nake hangowa ta tagar ɗakina.

Ranakun 2 da 3 ga Mayun 1986 gajimaren Carnobil ya ratso ta Birtaniya. Inda ba a yi ruwa ba, kaɗan ya sauka. A tsaunukan nan da na Kambiriya ta Ingila da kudu maso yammacin Sikotlan an tafka ruwa, siziyom ya sauka kan ciyawar da tumaki suke kiwo. A watan Yuni gwamnati ta hana sayarwa da yanka tumakin yankunan, aka ce wa makiyaya na mako uku ne. Dokar ta shafi gonaki kusan 10,000 da tumaki sama da miliyan 4, iyakar da aka sa kuwa bekerel 1,000 ce a kilon nama, bekerel kuwa awon ƙarfin tururin nukiliya ne. Ba a ɗage ta daga gonaki na ƙarshe ba sai a 2012, shekara 26 ke nan.

Masanan ba su yi kuskure a kan ganye ba. Abin da ciyawa ta riƙe ya wanke cikin makonni kamar yadda suka ce. Ƙasar ce ta ba su kunya. Lissafinsu an gina shi ne a kan ƙasar kwari mai yumɓu, wadda take kama siziyom ta kulle shi tsakanin ɓawon ma'adinanta, saiwa ba ta samunsa. Ƙasar kan tsaunin baƙa ce ta ruɓaɓɓen ciyayi, mai tsami, ba yumɓu, ba isasshen potashiyam. Ciyawa kuwa ba ta bambanta siziyom da potashiyam sosai, sai ta yi ta zuƙo shi shekara bayan shekara, tunkiya ta ci, ta yi kashi, ya koma ƙasa.

Wani dattijo da nake dubawa ya ba ni labarin yadda ake tara tumaki a manna musu na'urar awo a cinya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta haura iyaka a shafa mata fenti, a sauko da ita kiwo a kwari sai ta tsarkaka. Ya ce abin da ya fi yi musu ciwo shi ne sun san ƙasarsu ciki da bai, amma ba wanda ya tambaye su kafin a ce mako uku. Don haka ka zauna da mahaifinka da sauran masu lambun tun yanzu, ka karanta musu abubuwan da ka ɗauka a matsayin gaskiya, ka ji wanne za su ce ba haka ba ne.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

’Yata Maman Sadik, kin yi daidai, na karɓa. Fantsamar ƙasa hanya ce mai zaman kanta, masu wannan fanni sun san ta, kuma ga ƙarfe irin dalma da saiwa ba ta cika turawa sama ba, sau da yawa ita ce babba. Sai ɗana ya ba ta nata layin a samfurin.

Akwai kuma wata ɓaraka a lissafin da na bayar, gara in faɗe ta da bakina. Yana ɗauka cewa gubar a gauraye take daidai wa daida daga ɗigon farko har na ƙarshe. Ba haka ruwa yake ba. Milimitocin farko su suke share iska, su suka fi datti, na baya kusan wanki ne. Iyayenmu da suka hana tarar ruwan farko a randa sun san wannan. To ga tambayar da ban da amsarta ga alayyahu: dattin farkon da ya manne, ruwan baya yana wanke shi ko yana barinsa? Idan irin aidin ne zai tafi. Idan irin dalma ne mai mannewa, ganyen yana iya kama na farkon ya riƙe, har ya ci gaba da tatsar na ruwan da ke wucewa ta kansa, kason gaskiya ya fi 2 ɗin nan nesa. Awo ne kaɗai zai raba gardamar.

Ka kuma lura cewa ɗigon ruwa bai iya kama ƙwayoyin da girmansu yake tsakanin kashi ɗaya cikin goma na maikuron zuwa maikuron ɗaya (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), iskar da ke kewaye ɗigon tana kauce da su. Hayaƙin narka ƙarfe kuwa da yawansa a nan girman yake. Don haka kada ka yi hasashen abin da ke cikin ruwan daga abin da ke cikin iska, ka tari ruwan ka auna.

Batun wanki, tunda na san za a tambaya. Siziyom yana shiga cikin ganye ya yi tafiya. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a Maris ɗin 2011, tsofaffin ganyen shayi a Kanagawa da Shizuoka, ɗaruruwan kilomita daga tashar, sun kama shi, sai ga shi a sabon tohon da bai ma fito ba lokacin da abin ya sauka. Dalma ba ta da wannan yawon, yawancinta a fata take zama, don haka wanki mai kyau yana rage ta sosai, ko da yake ba ya kawar da ita duka. Ka auna wankakke da wanda ba a wanke ba, don mutane wankakken suke ci.

Ɗan Fadama ya dawo:

Iyayena da yayyena, ku gafarce ni da shirun mako uku, ina lambu.

Na aro sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, na sayi sabon famfon feshi wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba. Nakan tsinki ganye in auna shi a bushe, in rataye shi yadda yake tsayawa a jikin shuka, in fesa har ya fara ɗiga, in sake aunawa, sannan in zana shi a takarda mai gida-gida don in san faɗinsa. Tunda milimita 1 lita ɗaya ce a murabba'in mita, 0.2 tana nufin giram 2 na ruwa a ganye mai murabba'in santimita 100. Yaya, kamar kina wurin. Ganyen kabeji guda da ƙyar sikelin ya motsa, kuɓewa ta fi kowa, alayyahu yana tsakiya. Amma da na fesa wa kabejin dungurungum ɗinsa na karkata shi a kofi, ruwan da ya fito daga gindin ganyen ya ba ni mamaki. Don haka shi a shuka guda zan auna, ba a ganye ba.

Na zauna da Baba da maƙwabtansa huɗu a ƙarƙashin mangwaro kamar yadda ɗan'uwanmu na Wales ya ce. Na karanta musu kwana 14 ɗin nan, sai Baba ya ce ai da damina duk kwana biyu ko uku ake ruwa, kuma ranar da ba a yi ba da gwangwani suke watsa wa alayyahu ruwa ta sama, safe da yamma. Ban sa ban-ruwa a lissafin ba sam. Wani kuma ya ce kafin ruwa ya sauko iskar hadari tana fara turnuƙe lambun da ƙura na ɗan lokaci, ganyen ya yi fari, sannan ruwan ya zo ya same ta a kai. Wannan ma babu shi.

Yanzu na shuka alayyahu a bahuna shida da ƙasar da na ɗebo daga ƙauyen kakata, nesa da juji. Uku na ɗora a kan benci mai tsawon mita ɗaya inda fantsama ba ta kaiwa, uku na ajiye a ƙasa cikin kwami. Na kafa mazurari da kwalaben roba, idan ruwa ya fara zan canza kwalba bayan minti biyar, sannan bayan sha biyar, sannan in bar ta ƙarshe har ya ɗauke. Ƙanena ya yarda zai riƙa kwana a bukkar lambun tare da ni, tunda yawancin ruwanmu da dare yake zuwa.

Malamina ya ga tsarin ya sa hannu. Abin da ya rage mini shi ne ma'aunin ruwan sama mai rubuta abin da ya sauka duk minti biyar, don nawa na gwangwani ne da nake karantawa da safe. Idan akwai wanda sashensu yake da irinsa kuma za a iya ba da aro daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, don Allah ya yi mini magana, zan zo har inda yake in ɗauka.